Kare ko Karya? Abin da Iyali Ke Zaɓa Ranar Ɗauko Kwikwiyo

A sababbin unguwannin da ke gefen Abuja da Kaduna da Kano, inda gidaje ke tsaye ɗaiɗai tsakanin kangaye da filayen da ba a gina ba, an sami wani sauyi da ba a cika magana a kansa ba. Magidantan da suka tashi a gidajen da kare ba ya ko kusantar zaurensu, yau su ne ke tambayar abokan aiki inda ake sayar da kwikwiyo. Dalilin a fili yake: ɓarayi masu haura katanga, albashin mai gadi da ke ta hauhawa, da wutar lantarki da kan ɗauke ta bar kyamarar tsaro a makance. To idan mutum ya isa wurin mai sayarwa, tambayar farko da za a yi masa ita ce, namiji yake so ko mace. Galibinmu mukan amsa tun kafin a rufe baki: namiji. Shi ne mai ƙarfi, shi ne mai ban tsoro, kuma ba zai cika mana gida da 'ya'ya ba.

Wannan amsa ta yi gaggawa. Mai zaɓe tsakanin kare da karya yakan ɗauka hali yake zaɓa, alhali abin da yake zaɓa a zahiri shi ne irin ɗawainiyar da gidansa zai ɗauka na tsawon shekara goma ko fiye. Kowanne daga cikinsu yana zuwa da tasa, kuma kowacce tana da iyaka da tsadar da za a iya lissafawa tun kafin a biya kuɗi. A ganina, ga iyali mai ƙananan yara da ke ajiye kare a karon farko, karya ce ta fi dacewa, bisa sharaɗi guda: a ware kuɗin yi mata tiyatar hana haihuwa tun ranar da aka ɗauko ta. Wanda ba zai iya cika wannan sharaɗi ba, gara ya ɗauki namiji, ya kuma san cewa ƙofar gidansa ta zama abin tsaro dare da rana.

Matsayin kare a gidan Musulmi

Ba za a yi wannan magana a tsakaninmu ba tare da an taɓa fiƙihu ba. Hadisai sun yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, sun kuma yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye shi ba don wata buƙata ba. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, ta tsaya a kan waɗannan ukun, ta hana ajiye kare a cikin gidaje. Sai dai masu sharhin littafin sun kawo labarin cewa shi kansa mawallafin, da katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani, da zaki ma zai ajiye. A kan irin wannan fahimta ce malamai da dama suka halatta karen gadi idan buƙata ta tabbata.

A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, saɓanin Shafi'iyya da Hambaliyya, amma fitsarinsa da kashinsa da jininsa najasa ne. Wannan bambanci zai yi mana amfani nan gaba, domin namiji da mace ba iri ɗaya suke ɓata tsakar gida ba.

Abin da ake faɗa game da hali

Akan ce karya ta fi biyayya da saurin koyo, kare kuma ya fi zafi da taurin kai. Maganar tana da tushe. A shekarun 1980, Benjamin Hart da Lynette Hart na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun tattara ra'ayoyin likitocin dabbobi da alƙalan gasar karnuka, suka sami cewa masanan na ganin maza sun fi neman faɗa da sauran karnuka da gwada ƙarfi da mai su, mata kuma sun fi sauƙin horo. Amma wannan magana ce ta jimilla. Idan aka jera karnuka ɗari, za a ga bambancin. Idan aka ajiye kwikwiyo biyu a gabanka, jimillar ba ta gaya maka wanne ne zai yi haƙuri da yaron da ya ja masa kunne.

Hasali ma, ko irin kare, wanda mutane ke biyan maƙudan kuɗi saboda shi, bai kai yadda ake zato ba wajen tabbatar da hali. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Science a 2022, wanda ya ƙunshi bayanan karnuka fiye da 18,000, ya gano cewa iri yana bayyana kimanin kashi 9 cikin ɗari ne kawai na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Idan iri bai wuce haka ba, bai kamata a ɗora wa jinsi nauyin da ya fi ƙarfinsa ba.

Batun gadi kuwa, ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya game da aikin da muke nema. Karen iyali ƙararrawa ce mai rai. Aikinsa ya ji motsi kafin kowa ya ji, ya yi haushi, ya tashi mutanen gida, ya sa mai haura katanga ya sake tunani. Karya tana yin wannan kamar yadda kare ke yi, kuma ɓarawon da ya ji haushi cikin duhu ba ya tsayawa tantance namiji ne ko mace. Kare mai kai hari bisa umarni wani abu ne daban, yana buƙatar ƙwararren mai horo, kuma ba shi ne ya dace da gidan da yara ke rarrafe a tsakar gida ba.

Inda bambancin ya tabbata ba tare da gardama ba shi ne girman jiki. A ma'aunin da ƙungiyoyin masu kiwo suka amince da shi, namijin Alseshiyan yana kai kilo 30 zuwa 40, macen kuma 22 zuwa 32. Namijin Rotwaila yana kai kimanin kilo 50, macen kimanin 42. Maigida yakan kalli wannan a matsayin riba. Amma wa ke gida da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da mai kawo ruwa ya buga ƙofa? Maigida yana ofis. Uwargida ce, ko yarinya 'yar shekara goma sha biyu, ko mai aiki, za ta riƙe igiyar. Karen da mutanen gida ba za su iya riƙewa ba, ƙarshensa sarƙa, kuma za mu ga abin da sarƙa ke haifarwa.

Ɗawainiyar karya

Karya takan fara neman barbara tsakanin wata shida zuwa shekara guda da haihuwa. Manyan iri sukan jinkirta har wata goma sha takwas ko fiye. Daga nan abin yakan dawo kusan sau biyu a shekara, kowane karo mako biyu zuwa uku. Wasu tsofaffin irin karnukan Afirka, kamar Basenji na yankin Kwango, sau ɗaya suke yi a shekara, amma irin da ake sayarwa a biranenmu sau biyu ne. A kwanakin farko takan zubar da jini ɗigo-ɗigo a duk inda ta kwanta, wanda ke nufin ƙarin wanki a gidan da ake shimfiɗa tabarmar salla a tsakar gida. Ƙamshin jikinta kuma yakan tara karnukan unguwa a bakin ƙofa, su kwana suna faɗa da kuka, wani ma ya haura katanga.

Idan aka yi sake sau ɗaya, ciki ya shiga. Kwana 63 ne kacal, sai ga 'ya'ya biyar ko shida, manyan iri kuma takwas ko fiye. Lissafin mai sauƙi ne: haihuwa biyu a shekara, shida kowane karo, kwikwiyo goma sha biyu ke nan. Na farko akan raba wa abokai. Na biyu akan ba yaran unguwa. Na uku, kowa ya san inda suke ƙarewa: a bola, ko a bakin kwata, ko su rayu su zama karnukan titi da ba su da mai su, ba su kuma da allurar rigakafi.

Wasu sukan sayi mace da niyyar kasuwanci, su ce 'ya'yanta za su mayar da kuɗinta. Shi ya sa ma masu sayarwa kan tsawwala farashinta. Kiwon karnuka sana'a ce ta gaske, amma tana da jarinta: kuɗin barbara, abincin mai shayarwa, alluran kwiyakwiyi, maganin tsutsa, da tiyatar gaggawa idan haihuwa ta gagara cikin dare. Cutar fabo, wadda ke sa amai da gudawar jini, tana iya kwashe haihuwa guda cikin mako ɗaya. Ma'aikacin banki ko likitan da ke fita da safe ya dawo bayan magariba ba shi da lokacin wannan.

Akwai kuma abin da ke jiran karyar da aka bari da mahaifarta ko da ba ta taɓa haihuwa ba. Bayan kowane zagaye, sinadaran jikinta suna kaurara bangon mahaifa, kuma da shekaru sukan buɗe ƙofa ga wata cuta da mahaifa ke cika da mugunya. Bayanan inshorar karnuka a ƙasar Suwidin, inda ba a saba yi wa karnuka tiyatar hana haihuwa ba, sun nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na kamuwa da ita kafin shekara goma. Alamarta yawan shan ruwa, kasala, da ƙin abinci 'yan makonni bayan lokacin barbara, kuma idan ba a yi tiyata da wuri ba tana kisa. Ƙarin mama shi ma ya zama ruwan dare a tsofaffin karnuka mata, kuma kusan rabinsa mugu ne.

Duk wannan jerin yana da magani guda: tiyatar cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa. Aiki ne na buɗe ciki, ana yin sa da allurar barci, yana warkewa cikin kwana goma zuwa mako biyu, kuma ya fi fiɗiyar namiji tsada. Amma sau ɗaya ake yin sa. Bayansa babu jini, babu taron karnuka a ƙofa, babu 'ya'ya, babu ciwon mahaifa. Wannan ne ginshiƙin ra'ayina: ɗawainiyar karya tana da yawa, amma ana iya sauke ta gaba ɗaya a rana guda.

Gargaɗi ɗaya ya zama dole. Akwai masu yawo da allurar hana ɗaukar ciki suna yi wa karnuka a gida da araha. Irin wannan allura tana ƙara haɗarin ciwon mahaifar da aka ambata da kuma ƙarin mama. Asibitocin koyarwa na likitan dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da asibitocin dabbobi masu rajista a manyan birane, su ne wuraren da ya kamata a nufa.

Ɗawainiyar kare

Namiji ba shi da zagaye. A shirye yake kullum. Da zarar ya balaga, duk karyar da ke neman barbara a unguwa ta zama damuwarsa. Yakan ƙi abinci, ya kwana yana kuka, ya tona ƙarƙashin katanga, ko ya yi wuf ya fice yayin da aka buɗe ƙofa mota za ta shiga. Karen da aka saya don gadi sai ya zama shi ne ba ya gida a daren da ake buƙatarsa. Yakan dawo bayan kwana biyu da kunne a yage, jiki cike da kaska, wani lokaci da wani ƙari mai yaɗuwa ta hanyar barbara, wanda ya yawaita a tsakanin karnuka masu yawo a ƙasashe masu zafi.

Sai batun fitsari. Mace takan tsuguna ta yi a wuri guda, ana kuma iya saba mata da lungu ɗaya. Namiji yana amfani da fitsari wajen shata iyaka: yakan ɗaga ƙafa ya ɗiga a jikin bango, da tayar mota, da tukunyar fure, da bokitin da aka ajiye a bakin famfo. Ga gidan da ke kula da tsarki, wannan ya fi jinin mako biyu wahalar bi, domin kullum ne kuma ba a san inda ya faɗa ba.

Mafi nauyi shi ne cizo. Wani bincike da aka yi a birnin Denver na Amurka, aka buga a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 1994, ya kwatanta karnukan da suka ciji wani da ba ɗan gida ba da karnukan unguwa ɗaya da ba su yi cizo ba. Masu cizon sun fi kasancewa maza, waɗanda ba a fiɗiye ba, da waɗanda ake ɗaurewa da sarƙa. Binciken na gari ɗaya ne, kuma bai ce kowane namiji macijin mutane ba ne. Amma siffofi ukun da ya lissafa su ne ainihin hoton karen gadin da ake gani a gidajenmu: namiji, wanda ba a fiɗiye ba, ɗaure a gindin bishiya tun safe.

Wanda ya ce ai namiji ba ya kawo 'ya'ya gida, gaskiya ya faɗa. Sai dai 'ya'yan suna nan, a kangon da ke bayan layi. Bambancin kawai shi ne mai karya yana ganin sakamakon sakacinsa a tsakar gidansa, mai kare kuwa unguwa ce ke ɗaukar nasa.

Dalilin da ya sa yawo ba ƙaramin abu ba ne

A Ingila ko Jamus, kare mai tsallake katanga abin haushi ne kawai. A nan yana iya zama sanadin mutuwa, saboda ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan duka ta hanyar kare ake kamuwa, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira.

Karen gida yana ɗauko cutar ne daga cizon wani kare, wato a wajen yawo da faɗa, ko a taron da ake yi a ƙofar karya mai neman barbara. Ke nan duk hanyoyin biyu, na namiji da na mace, a wuri ɗaya suke haɗuwa. Yara kuma su ne suka fi wasa da kare, su ne gajeru da cizo ke samu a fuska da wuya, su ne kuma ke ɓoye ƙaramin rauni don tsoron faɗa.

Rigakafin yana nan. Ana yi wa kwikwiyo allurar farko yana da wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu sarrafa ta. Idan kuma cizo ya auku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, ko da raunin bai fi ƙarzuwa ba. Allurar mutane ba a kowane asibiti ake samunta ba, shi ya sa ta kare ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Fiɗiya: abin da take yi da abin da ba ta yi

Bahaushe ya san fiɗiya tun kafin zuwan asibiti. Ya san bambancin bunsuru da taure. Abin da ke hana mutane yi wa kare shi ne tsoron kada ya zama rago. Binciken da aka yi a Davis tun a shekarun 1970 ya nuna cewa fiɗiya ta rage yawo a kusan tara cikin goma na karnukan da aka bibiya, ta kuma rage faɗa da sauran maza da ɗiga fitsari a wajen rabinsu ko fiye kaɗan. Abin da ba ta cika taɓawa ba shi ne haushi ga baƙo da kishin gida, domin waɗannan ba daga sha'awa suke tasowa ba. Fiɗiyayyen kare yana gadi. Amma a lura da wancan "rabi": fiɗiya tana rage ɗabi'un namiji, ba ta share su, musamman idan ya riga ya saba. Wannan shi ne dalili na biyu da na fifita mace.

Lokacin yin aikin ma yana da muhimmanci. Jerin binciken da ƙungiyar Hart ta fitar daga 2013 zuwa 2020 ya nuna cewa a wasu manyan iri, ciki har da Alseshiyan, yin tiyata kafin shekara guda yana ƙara haɗarin ciwon ƙugu da gwiwa, domin sinadaran jinsi suna da hannu wajen tsayar da girman ƙashi. A ƙananan iri ba a ga wannan matsala sosai ba. Ma'anar haka ga mai babbar karya ita ce, wataƙila sai ya jure zagaye ɗaya ko biyu yana tsare ta sosai kafin a yi aikin. Wannan shawara ce da za a yanke tare da likita, a auna haɗarin gaɓoɓi da haɗarin ciki a irin gidan da ake ciki. Bayan tiyata kuma, namiji da mace duka suna saurin ƙiba, don haka a rage abinci. Wasu manyan mata kan sami yoyon fitsari a tsufa, wanda ke da magani.

Ta fuskar addini, Risala ta halatta fiɗiyar tumaki da awaki saboda gyaran nama, ta ambaci hani a kan dawaki. A kan karnuka da kyanwoyi malaman zamani sun yi saɓani, kuma da yawansu sun halatta idan don kawar da cuta ne kuma ba a azabtar da dabbar ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, amma ya kai masa tambayar cikakkiya, har da makomar kwiyakwiyi goma sha biyu a shekara.

Abubuwan da suka fi jinsi nauyi

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kafin ka dubi kwikwiyon, nemi ganin uwarsa. Idan tana ɓuya a lungu tana karkarwa, ko tana neman tsinke sarƙa don ta kai gare ka, 'ya'yanta sun gaji wani abu daga ciki, sun kuma koyi saura a makonnin da suka yi tare da ita. Mai sayarwar da ya ƙi nuna uwa, ko ya kawo kwikwiyo cikin kwali a bakin titi, ya riga ya ba ka amsa.

Na biyu shi ne shekaru, ko a ce makonni. John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekaru suna nazarin girman karnuka a jihar Maine ta Amurka, suka fitar da sakamakon a 1965. Sun nuna cewa tsakanin mako uku zuwa kimanin goma sha biyu ne kwikwiyo ke koyon abin da zai ɗauka a matsayin na gida da abin da zai ji tsoro. Kada a raba shi da uwa da 'yan'uwansa kafin mako takwas, domin a wurinsu yake koyon sassauta haƙori. Daga nan kuma a nuna masa duniyar da zai rayu a ciki: yara, mata masu hijabi, maza masu babbar riga, awaki, kaji, ƙarar janareta da babur. Akwai wata al'ada ta kulle kwikwiyo a ɗaki mai duhu, a hana shi ganin mutane, wai don ya yi zafi. Abin da take haifarwa shi ne matsoracin kare, kuma matsoracin kare shi ne mai cizon ɗan maƙwabta da ya shigo ɗaukar ƙwallo.

Na uku shi ne sarƙa. Dabbar da aka ɗaure ba ta da hanyar gudu, don haka idan ta tsorata cizo ne kaɗai ya rage mata. Keɓaɓɓen fili mai inuwa da ruwa, inda zai iya zagayawa, ya fi sarƙa aminci ga kowa. Kuma ko wane irin kare ne, komai sanyin halinsa, ba a barin ƙaramin yaro da shi su kaɗai.

Na huɗu shi ne dacewa da ƙasa. Kokeshiyan an yi shi ne don sanyin duwatsun Kokesas. A Kano cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, gashin nan azaba ne. Karnukanmu na gida, da irin siraran karnukan Azawak da Abzinawa ke kiwo a Nijar da Mali, sun saba da zafi, abincinsu bai kai na baƙin iri ba, kuma kunnensu bai gaza na kowa ba.

Yadda zan yanke

Iyali mai ƙananan yara, kare na farko, katanga mai kyau, da halin biyan tiyata: a ɗauki mace mai matsakaicin girma. Iyalin da ba shi da likitan dabbobi a kusa, ko ba zai yarda da tiyata ba: a ɗauki namiji, domin tsare ƙofa kullum ya fi sauƙi a kan rasa yadda za a yi da haihuwa bayan haihuwa, amma a ɗauke shi da sanin cewa duk fitar da ya yi alhaki ne. Gidan da ya riga yana da kare yana neman na biyu: a ɗauki kishiyar jinsi, a yi wa aƙalla ɗaya tiyata, domin likitocin halayyar dabbobi sun daɗe da lura cewa rikicin mata biyu a gida ɗaya yakan fi tsanani da wuyar sasantawa. Wanda kuma ya karanta duk wannan ya ji nauyin ya fi ƙarfinsa, to ya ƙara wa katanga tsawo, ya sa fitila mai aiki da hasken rana. Sayen kare don gudun ɓarawo, a wayi gari ana jinyar cizo, shi ne tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Hadisan da suka yi gargaɗi a kan ajiye kare, a cikin littattafan da suka zo ne aka ruwaito labarin wadda aka gafarta wa saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa, da na wadda aka azabtar saboda ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa. Wanda ya shigo da dabba gidansa bisa hujjar buƙata ya ɗauki amanar cinta da shanta da lafiyarta, da amanar maƙwabtan da za ta iya cutarwa. Saboda haka ranar da za a je ɗauko kwikwiyo, a tafi da tambayoyi huɗu a rubuce: ina uwarsa, makonsa nawa, ina katin allurarsa, kuma wane likita ne zai yi tiyatar, a nawa. Idan an sami amsar waɗannan, tambayar namiji ko mace ba za ta ɗauki minti biyar ba.